Bitil ɗin Malam da Datsun ɗin Baban Ebere

Gidan Malam Garzali,
Fezzan, Maiduguri.
Watan Afrilu.

Zuwa ga ƙawata Nwanneka, Maman Ebere,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a Onitsha. Yaya Ebere da jego? Yaya ɗan angona? Allah ya raya shi, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. Ki ce masa amaryarsa ta Fezzan tana nan tana jira, kada ya tsaya kallon 'yan matan kudu.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Malam ne dalili. Ciwon nan ya taɓa masa hannu da ƙafa, amma kunnen nan ras yake, ko a madafi na yi raɗa sai ya ji daga ɗaki. Shi ya sa na rubuta na ba Madu direban motar kifi, tunda duk mako yana sauke banda a wajenku. Ke da aka haifa a Hausari ba sai an karanta miki ba.

Kin bar mu a asibiti, to an sallame mu. Ɓarin hagu ne ya shanye. Magana tana fita amma a karkace, shi ya sa ya rage yin ta, kin san shi da kunya. Likita ta ce a fara kai shi gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, ba tare da ɓata lokaci ba, tun jijiyoyin ba su sandare ba. Ta faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa in aka bari watanni suka shige, ƙafar nan ta tafi ke nan. Maman Ebere, har yau ba mu je ko sau biyu ba, kuma ba komai ya hana mu ba sai mota.

Mun gwada keke napep, ramukan hanya suka kusa watso shi waje, ya ce shi da keke har abada, wai ana kallonsa kamar buhun gero. Ɗanmu Zayyad ya koma aikinsa Abuja, ko yana nan ma motar zamani kawai ya iya, marar kuloci. Bitil ɗin Malam tana nan ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida, ba mai tuƙa ta, kuma ko da akwai, ƙofa biyu gare ta, keken mara lafiya ba ya shiga ɗan but ɗin nan nata na gaba. Mijinki, Allah ya saka masa, ya kawo Datsun har ƙofar gida, ya buɗe ƙofofin nan huɗu, ya shimfiɗa bargo a kujerar baya. Malam ya dube ta ta taga ya girgiza kai.

Ke kin san tarihin, amma bari in amayar da abin da ke cina. Shekara arba'in da ɗoriya, tun shagunansu suna jere a Kasuwar Monday, Malam da yadi mijinki da kwanuka, mutanen nan ba su da zance sai na motocin nan biyu. A shekara ɗaya suka saye su, daga ranar kuwa muka shiga uku. Malam ya ce Datsun gwangwanin madara ce, in ka jingina da ita sai ta lotse. Baban Ebere ya ce Bitil kunkuru ce, wai wace irin mota ce za a sa mata inji a gindi, tana tafe tana ƙara kamar injin markaɗe. Malam ya ce motar da ba ta shan ruwa ita ce motar Barno, ya tuna masa ranar da lagireton Datsun ya tafasa a hanyar Konduga. Mijinki kuma ya ce tasa ba ta shan mai, kuma ba a tayar da matan mutane tsaye a titi don a duba batir a ƙarƙashin kujerarsu. Har yau ɗayansu bai taɓa sa ƙafa a motar ɗan'uwansa ba. Kin tuna bikin nan na Mairi da muka tafi a jere, mota biyu, mutum huɗu, kamar ayarin gwamna?

Ko shekarun tashin hankali da kuka zauna a gidanmu, Datsun tana lulluɓe da tamfol a tsakar gida, Malam da kansa yake fita ya goge ta ya tayar da injin don kada ta mutu. Amma ta taga yake miƙa hannu ya murɗa makulli, wai ba zai zauna a gwangwani ba. Yana gogewa yana zaginta.

Ni da ke da muka zauna a bayan duka biyun mun san gaskiya. A Bitil gwiwa ce ke shan wuya, ga zafin inji a gadon baya har ɗankwali ya jiƙe. A Datsun kuwa, tun da ƙasanta ya fara cin tsatsa, mutum yana iya ƙirga duwatsun titi ta tsakanin ƙafafunsa. Duka biyun tsofaffi ne kamar masu su.

Ga abin da nake roƙo. Mijinki yana zuwa dubiya kullum, amma tun daga zaure yake ɗaga murya yana tambaya ko kunkuru ta yi ƙwai. Haba! Mutum yana kwance ana masa tsiya? Na ja shi gefe na ce ya sassauta, ya ɗan yaba motar Malam ko sau ɗaya, ko zuciyarsa ta yi sanyi ya yarda ya shiga Datsun. Ya yi ta sosa ƙeya. Ki kira shi ki ƙara masa, ke yake jin tsoro.

Na sa miki turaren wuta da 'yar kuka a cikin ƙunshin. Ki gaida Ebere da maigidanta.

Taki har kullum,
Hajara.

Fezzan.
Watan Mayu.

Maman Ebere,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara, ina fata jaririn yana barin ku ku runtsa. Na ga saƙon manja da garin rogo, na gode, Allah ya bar zumunci. Mu nan sai dai godiyar Allah, zafi kamar zai narka kwanon ɗaki, wuta kuwa sai mun gan ta.

Ƙawata, ban san me kika faɗa wa mijinki ba, amma ya zarce gona da iri. Ni cewa na yi ya sassauta, ban ce ya miƙa wuya ba!

Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci ya shigo, ba hayaniya ba komai. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma ya naɗe ƙafa, ya yi ƙasa da murya kamar yadda kowa yake yi. Kin san yadda dubiyarmu take: a shigo sumui-sumui, a ce sannu, a ce Allah ya sa kaffara ne, duk abin da mara lafiya ya faɗa a ce haka ne. Tun da muka dawo gida abin da Malam yake gani ke nan daga safe har yamma. To shi ma Baban Ebere sai ya bi sahu. Ya ce wa Malam shi fa ya daɗe da sanin Bitil ta fi Datsun, ƙarfen jikinta ya fi kauri, injinta ya fi juriya, gardama ce kawai irin ta kasuwa. Har da cewa a yafe masa kiranta kunkuru da ya yi ta yi.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina murmushi, ina cewa yau an gama. Malam ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sa hannunsa mai lafiya ya ja bargo, ya juya fuska bango. Mijinki ya gaji da zama ya tafi.

Tun ranar abinci ya gagara. Na yi burabusko da miyar da yake so, ya kau da kai. Kunun gyaɗa sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya sa na kira ƙaninsa Ya'akubu daga Ajilari, suka rufe ƙofa, ashe wasiyya yake yi. Ya tambaye ni inda na ajiye likkafanin da ya zo da shi daga Makka. Ya ce a ciro makullin Bitil daga aljihun rigarsa a ba mijinki, Poli kamar yadda yake kiransa, tunda ya ce ta fi. Mijinki ya ƙi karɓa, makullin yana nan rataye a ƙusa.

Shekaranjiya bayan la'asar na zauna na tsare shi, na ce sai ya gaya mini abin da na yi masa. Da ƙyar maganar ta fito. Wai in daina ɓoye masa, ya san likita ta faɗa mana wani abu. Wai shi ya san Poli, mutumin da ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ce Bitil ta fi ba. In har Poli ya sallama, to an gaya masa gawa yake yi wa magana.

Na rantse masa da Allah, na kira likitar a waya ta yi masa bayani da bakinta. Ya ce ai dole ta faɗi haka. Maman Ebere, tsoro nake ji. Ba ciwon ne zai kashe mini miji ba, ya sa wa ransa tafiya ne kawai, kuma ina kallo yana zubewa kamar kankara a rana. Zancen gashi kuwa ko tayar da shi ba na iya yi, ga kwanaki suna ta wucewa, yatsun hannun sun fara lanƙwashewa ciki.

Ki sa mu a addu'a, ke da mutanen cocinku. Ban ƙi ta kowa ba.

Taki,
Hajara.

Fezzan.
Watan Yuni.

Ƙawata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida Ebere da angona. Yaya damina a wajenku? Na ji an ce ku ruwa ba ya ɗauke muku. Ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan, don doguwa ce.

Bayan wasiƙata ta baya na ɗauki mayafi na hau keke har gidanku a Mairi. Na tarar da mijinki zaune a kan bonet ɗin Datsun, ya rame shi ma, gidan duk ƙura, ki zo ki ga yadda ya mai da miki madafi. Na gaya masa abin da Malam ya ce. Wallahi tsohon nan ya fashe da kuka kamar yaro, har ni na koma ba shi haƙuri. Na ce kuka ba namu ba ne yanzu, ya tashi ya je ya zagi motar nan kamar yadda ya saba. Ya ce da wane baki, bayan ya ga yadda abokinsa ya koma?

Ya dai zo washegari. Tun daga zaure ya ɗaga murya da zancen kunkuru, amma muryar tana rawa, yana yi yana satar kallona ko ya yi daidai. Malam ba yaro ba ne. Ya buɗe ido ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu daina wahalar da kanmu. Na fita na shiga madafi na ci kukana. A ranar na cire rai, ba zan ɓoye miki ba.

Sai ranar Talatar nan da hadarin farko ya taso daga gabas. Kin san iskar da take riga ruwa a garin nan, gari ya yi ja, kwanuka suna ta tashi. Baban Ebere yana zaure, bai ma shiga ɗakin ba, don ya ce ba ya iya haɗa ido da Malam. Sai muka ji ƙaf! Babban reshen dogon yaron nan ya tsage yana reto daidai kan Bitil. Ban yi shawara da kowa ba, na zaro makulli daga ƙusa na cusa masa a hannu, na ce ya ja ta baya zuwa rumfa kafin reshen ya sauko. Ya tsaya yana kallon makullin kamar na ba shi kunama. Na daka masa tsawa, ya shiga.

Murɗawa biyu ta tashi, bayan duk zaman nan da ta yi. Ƙarar nan tata ta cika gidan. To ashe ita Bitil ba a sa mata ribas sai an danna sandar giyar ƙasa tukuna, ni ban sani ba, shi ma da ya shekara arba'in yana zaginta bai sani ba. Ya ja nan, ya ja can, giya tana ƙara ƙurrr kamar ana yanka ta. Da ya ga ta shiga wani wuri sai ya saki kuloci. Mota ta yi tsalle gaba ta daki duron ruwa, duro ya kife, bamba ta lotse.

Maman Ebere, sai na ji wata murya daga ɗaki wadda rabona da ita tun kafin ciwon nan.

“Danna ta ƙasa, Poli! Danna giyar ƙasa! Za ka kashe mini mota!”

Mijinki kuwa ga tsoro, ga kunya, ga ruwan duro ya shigo masa ta taga. Ya manta da mara lafiya, ya manta da ni da ke da duk abin da muka kitsa masa. Ya leƙo da kai yana ihu da gaske, jijiyar wuya a tashe, wai wane mahaukaci ne zai ƙera mota ya ɓoye ribas kamar kuɗin adashi, ai shi ya sa ya ce kunkuru ce, kunkuru ma ta fi ta hankali. Malam ya ce hannun da ya saba da gwangwani ina zai iya da mota. Na leƙa ɗaki na tarar ya jawo jikinsa da hannu ɗaya har bakin taga, ya riƙe ƙarfen, hula ta faɗi, bakin nan a karkace amma kowace kalma tana fita.

Suka yi ta yi, iska tana yi. Mijinki dai ya danna, ta shiga, ya ja ta rumfa. Ko minti biyar ba a yi ba reshen ya sauko daidai inda take. Ba wanda ya ko kalle shi a cikinsu. Baban Ebere ya fito ya buga ƙofa, ya tsaya a tsakar gida ruwa yana dukansa, ya ce in Malam ya isa, ya taso ya tuƙa abarsa da kansa mana.

Na ce a raina shi ke nan, ya fama masa inda yake ciwo. Malam ya daɗe yana huci, sannan ya ce gobe da safe a kawo gwangwanin. Wai zai je gashin, ba don komai ba sai don ya karɓe motarsa daga hannun wanda bai san darajarta ba. Ya juyo ya ce mini me na tsaya kallo, ba abinci ne a gidan?

Na zuba masa tuwo ina kuka ina dariya. Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Mijinki ya ci nasa a zaure da jiƙaƙƙen kaya, suna jifan juna da magana ta tsakar gida har aka kira magariba.

Washegari muka ɗora shi a kujerar baya ta Datsun, keken ya shige but ba gardama. Kafin mu kai shataletalen Post Office ya samo mata aibi ya fi goma. Ni dai na yi shiru, don kujerar ta fi ta Bitil taushi, kuma na ga yadda ya miƙe ƙafa ya saki jiki.

Hannuna ya gaji. Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Hajara.

Fezzan.
Watan Satumba.

Maman Ebere,

Sallama da gaisuwa irin ta masu kewa. Ina fata kuna lafiya, angona kuma ya fara zama. Ki yafe mini shirun da na yi, zirga-zirgar asibiti ce ta sha kaina.

Albishirinki. Malam yana takawa da sanda, har masallacin unguwa yake zuwa da ƙafarsa. Hannun ma ya buɗe, yana riƙe kofi. Mijinki bai taɓa fashin kai mu ba, ko ranar da Datsun ta ƙi tashi sai da ya tara matasan layi suka tura ta, Malam yana ciki yana yi musu kirari.

Sai dai akwai abin da bai dawo ba. Ranar Asabar ya ce yau zai karɓi motarsa. Ya yi wanka ya sa farar shadda da hular Bama, ya taka har rumfa ba wanda ya riƙe shi. Ya zauna a mazaunin direba, ya shafa sitiyari, ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci. Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ƙafar tana rawa, gumi yana zuba, ko rabi bai kai ba. Likita ta riga ta gaya mini haka za a yi, amma ganin abin da ido daban ne. Ni da Baban Ebere muna tsaye, ba wanda ya ce masa sannu. Wannan karon mun san kada mu kuskura.

Ya sauke ƙafar. Sannan ya fito a hankali, ya dafa jikin motar ya zagaya ta gaba, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Ya miƙo makulli ta taga ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce wa mijinki ya shigo a koya masa tuƙin mota, tunda tsufa ya zo masa bai iya ba. Baban Ebere ya goge ido da bayan hannu, ya ce zai shiga, amma a sani don tausayin kunkuru ne kawai. Da aka zo fita da baya, na ga Malam ya ɗora hannun nan nasa na hagu a kan na mijinki, suka danna giyar tare.

Yanzu kullum bayan la'asar sai sun fita, yau a wannan gobe a waccan, wai don a yi adalci. Ni nake zama a baya. Suna gaba suna ta musu, ba mai juyowa ya tambaye ni ko ina da rai. Jiya mun je har Baga Road mun dawo, na ga mai gasasshiyar masara a inda muke saye, na buɗe baki zan ce miki ga mutuminmu, sai na ga jakata ce a gefena.

Jegon nan ai ya isa haka, Ebere ta warware. Ki haɗo kayanki ki biyo Madu ko motar safe, ki dawo gida. Kujerar bayan nan ta yi mini yawa ni kaɗai.

Malam yana gaishe ki da bakinsa. Ki shafa mini kan angona.

Taki har kullum,
Hajara.